BUHU NAWA AKA ZUBA, NAWA YABANYA TA CI?

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya, a kan takin zamani mai tattali da lafiyar ƙasar noma



GABATARWA

Da shugabannin ƙungiya suka aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, na zaci za su ɗora ni a kan batun makaranta, tunda a cikin aji na ƙarar da ƙuruciyata. Sai suka ce in zaɓi abin da na ga ya fi ci wa gari tuwo a ƙwarya. Na zaɓi taki, ga kuma dalilina.

Kowace shekara, da bazara ta kama, wayoyinku na birni sukan fara ƙara, saƙon kuwa guda ne: a aiko da kuɗin taki. Kukan matse bakin aljihu ku aiko. Kaka ta yi, a auna abin da ya shiga rumbu, a ga bai kai yadda aka sa rai ba. Daga nan sai zargi ya shigo. Wa na birni ya ce ƙanensa ya karkatar da kuɗin, ƙane ya ce mai shago ne ya sayar masa da jabu, mai shago ya ce ruwa ne bai yi daidai ba. Tun da na ajiye aiki na sha zama sulhu tsakanin wa da ƙane a kan wannan magana, har akwai gidan da aka kusa sayar da gonar gado saboda ita. A mafi yawan lokuta kuwa na tarar babu wanda ya ci amana. An sayi takin, an kuma zuba shi. Abin da ya faru shi ne takin ya gudu daga gonar kafin yabanya ta ci.

Ni dai malamin aji ne. Abin da na sani game da ƙasa na fara koyonsa ne a kwalejin horon malamai, inda kowane ɗalibi yake da 'yan kunyoyinsa a gonar makaranta, sannan na ƙara da karatu da tambayar malaman gona bayan na koma riƙe fartanya. Iyakar abin da na tabbatar zan faɗa muku.

YADDA MUKA SABA DA TAKIN ZAMANI

Muna yara, da rani, jakuna ne ke jerin gwano da mangala zuwa gona, ɗauke da kashin awaki da toka da sharar gida. Fulani su sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba su damin dawa. Takin zamani ya zama ruwan dare ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, sannan shirin noma don ciyar da ƙasa na 1976 ya biyo baya. Gwamnati ta karya farashi, masara ta fita daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki, muka saba da sufa da kamfa da yuriya. Da taki ya yi araha, ba wanda ya damu da lissafin abin da ya zube a banza.

Wannan zamanin ya wuce. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin taki a duniya baki ɗaya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin dako ya hau. A watan Maris na 2022 aka ƙaddamar da kamfanin takin Dangote a Lekki, mai iya sarrafa tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga kuma Indorama a Eleme, amma duk da haka buhu bai koma farashin da ba. Tun a 2006 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka ɗauki alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Har aka sake zama a Nairobi a watan Mayu na 2024 yawancin ƙasashen ba su cika alkawarin ba. Ashe ke nan takin da muke samu kaɗan ne, ga tsada. Mai ɗan ruwa a tulu kuwa shi ya fi kowa bukatar toshe ɓula.

INA TAKIN YAKE TAFIYA?

Bari in koma allo kamar yadda na saba. Abin da shuka ke nema a cikin yuriya shi ne sinadarin naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi ƙarfi, zangarniya ta cika. A buhun yuriya mai kilo 50 akwai naitirojin kilo 23, wato kashi 46 cikin 100. A 1999 wasu masana biyu na jami'ar jihar Oklahoma ta Amurka suka yi lissafi a kan hatsin duniya gaba ɗaya, suka gano kusan kashi 33 cikin 100 na naitirojin da ake zubawa ne kawai ke komawa cikin amfanin da aka girbe. A wannan ma'auni, daga kilo 23 ɗin nan abin da ya shiga rumbu bai cika kilo 8 ba. Wani ɓangare na ragowar yana zama a cikin kara da ƙasa, amma mai yawa yana salwanta, ta ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce iska. Duk wanda ya taɓa shiga garken awaki da safe ya san zarnin da ke tashi. Wannan zarnin sunansa ammoniya, kuma yuriya dangin abin da ke cikin fitsari ce. Idan aka watsa ta a saman ƙasa mai laima, rana ta buɗe, wani sinadari da ke cikin ƙasa yakan narkar da ita cikin 'yan kwanaki, ta rikiɗe ta zama ammoniya ta bi iska. A ƙasa mai zafi irin tamu, asarar tana iya kaiwa kashi 30 cikin 100 ko fiye.

Ƙofa ta biyu ita ce ruwa. Wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, suna mayar da takin ya zama naitiret. Shi kuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa. Da ruwan watan Agusta ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sai ya nutse da shi can ƙasa inda saiwar gero ba ta kaiwa, musamman a jigawa. Daga nan yana iya gangarawa cikin rijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, saboda illarsa ga jarirai.

Ƙofa ta uku tana fadama, inda ruwa ke kwanciya. A nan wasu halittun na daban suke mayar da naitiret ya zama iska ya tashi. A cikin iskar akwai wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya kusan sau 270. Mai watsa yuriya a cikin ruwan shinkafa, sau da yawa, ɗiban ruwa da kwando yake yi.

MENE NE TAKI MAI TATTALI?

Masana sun daɗe suna neman hanyar toshe waɗannan ƙofofi, abin da suka samar kuma shi ne na kira taki mai tattali. Iri uku ne manya.

Na farko shi ne mai riga. Ana lulluɓe kowace ƙwayar yuriya da farar wuta ko da wata siririyar roba, ta yadda ruwa zai riƙa shiga a hankali, takin yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni ko watanni. An fara ƙera mai rigar farar wuta a Amurka a shekarun 1960. Manoman shinkafa na Japan suna amfani da mai rigar roba ƙwarai, domin zubi ɗaya yakan wadatar har girbi.

Na biyu shi ne wanda aka gauraya da maganin da ke jinkirta narkewar yuriya, domin toshe ƙofar iska. Wanda ya fi shahara ana kiransa NBPT, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Yana riƙe yuriya kamar mako ɗaya zuwa biyu, har ruwan sama ya zo ya shigar da ita cikin ƙasa, kuma a matsakaici yana rage asarar ammoniya da kusan rabi. A Jamus, tun daga watan Fabrairu na 2020, doka ta ce duk mai zuba yuriya ko dai ta kasance da irin wannan magani, ko kuwa ya binne ta cikin awa huɗu. Ku riƙe wannan doka a zuci, zan dawo kanta.

Na uku shi ne wanda ke rage wa halittun nan masu yin naitiret hanzari, domin toshe ƙofar ruwa da ta fadama. A nan ne labarin ya zo kusa da gida. Itacen darbejiya, wanda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinsa daga yankin Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo mana shi. Man 'ya'yansa yana da wannan siffa ta jinkirta naitiret. A 2015 gwamnatin Indiya ta wajabta a shafe duk yuriyar da ake sarrafawa a ƙasar da man darbejiya. Ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: takin ya ƙara daɗewa a gona, sannan masu karkatar da yuriyar tallafi zuwa masana'antu suka rasa kasuwa, domin wadda aka shafa wa man ba ta yi musu amfani. Mu kuwa 'ya'yan darbejiya suna zuba a harabar makarantunmu da bakin kasuwa, ana sharewa ana ƙonawa.

Akwai kuma dabaru biyu da suke cimma manufa ɗaya ba tare da wani magani ba. Ɗaya ita ce dunƙulen yuriya, wanda cibiyar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, ta yaɗa a Bangladesh kafin a kawo shi Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Injin yana matse yuriya ta zama dunƙule mai nauyin giram 1.8 ko 2.7, a cusa shi cikin laka zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindin shinkafa huɗu, kamar mako guda bayan dashe. Rahotannin cibiyar sun nuna ana rage yuriya da kusan kashi ɗaya cikin uku, amfanin kuma ya ƙaru da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ɗayar kuma daga maƙwabtanmu ta fito, daga cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar: a sa kamfa giram 6, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin gero ko dawa lokacin shuka, maimakon a watsa a faɗin gona.

ME YAKE ƘARA WA HATSI?

A nan wajibi ne in yi muku gaskiya, don kada wani ɗan kasuwa ya zo gobe da buhu mai ƙyalli ya ce zai ninka muku amfanin gona. Idan aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa na ƙasashe daban-daban, ƙarin da takin mai magani ke kawowa a kan yuriya zalla yawanci bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Babbar ribarsa ita ce a sami amfani iri ɗaya da taki kaɗan, ko a tsira daga asara a shekarar da ruwa ya zo ba bisa ƙa'ida ba.

Masara da shinkafa da alkamar rani su suka fi cin moriyarsa, domin su ne masu yawan cin naitirojin. Malaman gona sukan ba da shawarar naitirojin har kilo 120 ga hektar masara a yankunan da ruwa ya wadata, saboda haka asararta ma babba ce. Gero da dawa bukatarsu ba ta kai haka ba, kuma sau da yawa abin da ya fi hana su tashi a jigawa shi ne ƙarancin fosfaras, abincin saiwa, wanda babu shi ko kaɗan a cikin yuriya, mai riga ce ko marar riga. Ga manomin gero, murfin kwalbar nan ya fi masa riba a kan taki mai tsada.

Kowane iri kuma yana da iyakarsa. Mai riga ya fi yuriya tsada nesa ba kusa ba. Maganin NBPT yana rage ƙarfi idan buhu ya daɗe a rumbun ajiya mai zafi. Mai jinkirta naitiret, idan aka bar shi a saman ƙasa, yana iya ƙara asara ta ƙofar iska. Dunƙulen yuriya yana son laka mai riƙe ruwa da dashe a kan layi, ga cin aiki. Kowane allazi da nasa amanu.

LAFIYAR ƘASA

Ƙasar noma abu ce mai rai. Tana da tana da gara da ƙwayoyin halitta marasa adadi, abincinsu kuwa ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi. Su ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe takin da aka zuba mata. Ƙasarmu ta Arewa dama can tana da ƙarancin wannan ruɓaɓɓen abu, mu kuma muna kwashe kara da harawa ƙaf, mu bar gona tsirara ga iskar hunturu.

A tashar binciken noma ta Samaru, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an fara wani gwaji a 1950 wanda aka ci gaba da shi shekaru da dama. An yanka filaye, wasu ana ba su takin zamani zalla, wasu kashin shanu zalla, wasu a haɗa biyun, wasu kuma a bar su haka nan. Darasin da ya fito shi ne filayen da aka daɗe ana ba su takin naitirojin zalla sun yi tsami, ƙarfinsu ya ja baya, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa su suka fi ɗorewa. Wannan shi ne amsar tambayar da manoma ke yi: me ya sa gonar da buhu biyu ke isarta a da, yanzu huɗu ba sa isa? Ƙasar ce ta gaji. Ƙuduji da ke mamaye dawa ma alama ce ta wannan gajiya.

Taki mai tattali yana taimakawa ta gefe guda. Tunda kaɗan ake zubawa kuma kaɗan ke tsiyayewa, tsamin yana raguwa, rijiyoyi suna samun sauƙi, iska ma haka. Amma ba ya ƙara wa ƙasa ko ƙwayar ruɓaɓɓen ganye ɗaya. Yana kuma da nasa ɗaurin. A Japan an riƙa tsintar ɓawon robar takin a bakin teku, bayan ruwan gonakin shinkafa ya kwashe shi. A 2013 a ƙasar Niyuzilan an dakatar da sayar da wani maganin jinkirta naitiret bayan an ga ɓurɓushinsa a cikin madarar shanu. Mu da muka riga muka ga abin da leda ta yi wa gonakin bakin gari, bai kamata mu rungumi kowane sabon abu ido rufe ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ku tuna dokar Jamus: ko magani, ko binnewa. Ma'anarta ita ce babban ɓangare na abin da maganin nan mai tsada ke yi, fartanya da tsinke suna iya yinsa. Saboda haka ga shawarwarina guda biyar.

Na farko, duk wanda ya aiko da kuɗin taki ya haɗa da kuɗin 'yan ƙwadagon da za su binne shi. A yi rami ɗan nesa da gindin shuka, kamar faɗin yatsu huɗu, a sa takin a rufe. Buhu uku da aka binne na iya yin aikin huɗu da aka watsa.

Na biyu, a raba zubi. Ga masara, kamfa a lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, yuriya kuma a mako na huɗu zuwa na shida, bayan an yi noma, ƙasa tana da laima. Wannan yana nufin kuɗin ya iso gida da wuri. Takin da ya zo bayan masara ta fitar da goyo ya makara.

Na uku, ƙungiya ta nemi izinin hukumar ilimi ta buɗe gonar gwaji a filin makarantar firamare, ƙarƙashin kulawar malamin gona na ƙaramar hukuma. A yanka fili huɗu daidai wa daida: ɗaya a watsa yuriya, ɗaya a binne, ɗaya a binne wadda aka cuɗa da tunkuzar 'ya'yan darbejiya, ɗaya kuma a haɗa binnewa da takin gida. Da kaka a auna kowanne a gaban jama'a, a rubuta, a buga a mujallar baɗi. A maimaita shekara uku, domin damina ɗaya ba ta yanke hukunci. Gani ya kori ji.

Na huɗu, a riƙa sayen taki a ƙungiyance daga dillali mai rajista. Tun 2019 akwai dokar tarayya ta kula da ingancin taki, wadda ta haramta gauraye da algus. 'Ya'yanmu da ke aiki a ma'aikatun gona da jami'o'i su bincika mana inda ake samun dunƙulen yuriya domin masu shinkafar fadama, a gwada a gona ɗaya ko biyu kafin a yi maganar sayen inji.

Na biyar, mu koma wa takin gida. Kowane gida ya haƙa ramin tara shara da kashin dabbobi, a tsince leda. A riƙa juya gona tsakanin hatsi da wake ko gyaɗa ko waken suya. A bar wani ɓangare na kara a gona. A daina sare gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya taka ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Duk manomi ya san geron gindin gawo daban yake.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaban taro, 'yan'uwa, mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, mun gyara asibiti, duk abin yabo ne. Amma yaron da ke cikin ajin da majinyacin da ke kan gadon, daga gonar nan suke ci. Iyayenmu sun bar mana ita da ranta, da jakuna da mangala suka yi haka. Mu da muke da ilimi da albashi da waya a hannu, kunya ce mu miƙa wa 'ya'yanmu rairayi.

Idan bazara ta zo waya ta yi ƙara, bayan ka tambayi buhu nawa ake bukata, ka ƙara tambaya biyu: yaushe za a zuba, kuma wa zai binne? Ni dai na ba da kunyoyi ashirin daga gonata ta bakin fadama domin gwajin dunƙulen yuriya, idan ƙungiya ta amince. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Inda na yi kuskure, malaman gona da ke cikin taron nan su gyara mini. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.